Yadda A Ke Auna Hayaƙin Mota, Tsohuwa Da Sabuwa

Ga mu mun sake dawowa da shirinmu na ilmin kimiyya. Yau za mu yi magana ne a kan wani abu wanda babu wanda bai san shi ba, amma kaɗan ne suka san yadda a ke auna shi, watau hayaƙin mota. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kasuwar Sabon Gari ta Kano da la'asar, ko a tashar motar Maraɗi ran kasuwa, ya san yadda hayaƙin nan ya ke shiga hanci, ya sa ido ruwa, ya bar baƙi a wuyan riga. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a sha'anin hayaƙin mota karin maganar nan ba ta cika ba, gama mafi munin abin da ke fitowa daga salansa ido ba ya ganinsa ko kaɗan. Saboda haka tilas a nemi mudu. Mudun da a ke auna tsohuwar mota da shi dabam ne da na sabuwa, kuma za ku ji dalili.

A ƙarshen shekarar 1923 ba a tilasta wa masu mota wannan awo ba ko'ina a duniya. Bayan shekara ɗari cif, watau cikin hunturun 2023, na gan shi da idona a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Liyon yana kudu maso gabashin Faris, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ƙasa mai sauri. Na sauka a wata unguwa mai suna La Guillotière, wadda a bakin Bahaushe sai ta fito Giyotiyar. Tana gabashin Kogin Ron, a gindin wata gada mai daɗaɗɗen tarihi. A da gari ne mai zaman kansa, sai a 1852 aka haɗe shi da Liyon. In ka ce zango ce ba ka yi kuskure ba, domin tun zamanin da nan baƙi su ke fara sauka: Italiyawa, sa'an nan Larabawan Aljeriya da Tunisiya da Maroko, da mutanen Asiya, da namu na Afirka ta Yamma. Liyon kuwa garin mota ne. A nan Marius Berliet ya fara ƙera mota a 1895, kuma manyan motocin kamfaninsa ne suka ratsa hamadar Tenere a 1959 da 1960. Tsofaffin direbobin Agadas da Damagaram ba su manta da sunan Barliye ba.

Mai masaukina wani dattijo ne mutumin ƙasar Nijar, wanda ya daɗe a unguwar. Yana da tsohuwar mota mai shan gas, ƙirar 2004, da ita ya ke ɗaukar kayan sana'arsa. Ran nan da safe ya ce mini, "Malam, yau ranar asibitin mota ce, zo ka raka ni ka sha kallo." Abin da ya ke nufi shi ne, tun ran 1 ga Janairu 1992 dokar Faransa ta tilasta a riƙa kai motoci wurin masu dubawa. Mota takan je karo na fari in ta kusa cika shekara huɗu, daga nan kuma kowace shekara biyu. A duba birki, da taya, da fitilu, da sitiyari, sa'an nan a auna hayaƙi. In an sami babban aibi, a ba mai mota wata biyu ya gyara ya komo.

Abin da ke cikin hayaƙi

Kafin mu shiga wurin awon, ya kamata mu san abin da a ke nema. Injin mota murhu ne, sai dai wutarsa a rufe ta ke ci. Mai yana gauraya da iska, ya kama wuta, ƙarfin wutar ya tura fistan. Domin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane awo ɗaya nasa yana bukatar awo 14.7 na iska, in an bi nauyi. In ma'aunin nan ya karkace, sai a sami guba iri-iri.

Ta fari ita ce iskar da masana su ke kira kabon monoksaid. Tana samuwa in mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe lokacin sanyi, ko suka shigar da janareto cikin gida. A gefen Giyotiyar, a bakin kogi, akwai wani titi da aka sa wa sunan Claude Bernard, wani masani wanda ya yi yaron kantin magani a Liyon yana saurayi. Shi ne ya bayyana a 1857 yadda iskar nan ta ke kisa: tana kama jan jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, watau oksijin. Yanzu an san kamun da ta ke yi wa jini ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200.

Ta biyu ita ce ragowar man da bai ƙone ba. Ta uku kuwa iskar oksaid ta naitirojin, wadda ke samuwa in wutar injin ta yi zafi ƙwarai, tana ƙona huhu, tana tayar wa masu asma da ciwonsu. Ta huɗu ita ce kunkunniya, irin wadda ke taruwa a rufin madafa, sai dai ta mota ta fi gari laushi nesa ba kusa ba, har tana ratsa huhu ta shiga jini. A 2021 hukumar lafiyar jama'a ta Faransa ta ƙiyasta cewa irin wannan ƙura mai laushi, ta mota da ta murhu da ta masana'antu, tana jawo mutuwar mutum kamar 40,000 kowace shekara a ƙasar. Kun ga ashe ba maganar wasa ba ce.

Tsohuwar mota mai shan fetur

Da muka isa wurin awon muka tarar ana duba wata tsohuwar mota mai kafireto. Mai dubawa ya bar injin ya yi zafi, ya bar shi yana silo, sa'an nan ya zura wani siririn bututu cikin salansa. Bututun yana tsotso hayaƙi ya kai shi cikin wani akwati. To, ta yaya akwati zai ga abin da ido ba ya gani?

Ga asirin. Akwai wani irin haske wanda ido ba ya gani amma fata tana jin sa, shi ne ɗumin da ka ke ji a fuska in ka zauna kusa da garwashi. A 1859 wani masani a Ingila, John Tyndall, ya nuna cewa waɗansu iskoki suna shanye wannan hasken ɗumi, kuma kowace iska da irin rabon da ta ke sha. Cikin akwatin akwai fitilar da ke jefa hasken ta cikin hayaƙin, a ɗaya gefen kuma akwai ma'auni mai duba abin da ya iso. In rabon kabon monoksaid ya iso da gibi, to, girman gibin shi ne yawan gubar. Kamar dai mai gida ne ya aiki yaro da kwano cike da ƙosai, in ya ga saura nawa ya san nawa aka ci a hanya.

Abin lura a nan shi ne, ba a auna tsohuwa da mudun sabuwa. Kowace mota da mudun zamaninta. Wadda ta hau titi kafin Oktoba 1986 an yarda mata kabon monoksaid har kashi 4.5 cikin ɗari na hayaƙinta. Wadda ta biyo baya, kashi 3.5. Amma wadda ta hau titi daga Yuli 2002, ba a yarda ta wuce kashi 0.3 ba tana silo. Watau abin da aka yafe wa kaka ya ninka na jika sau 15.

Me ya kawo wannan babban rata? Wata tukunya ce da a ke ɗaura wa salansa, wadda cikinta ya yi kama da saƙar zuma, an shafe ramukan da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. In tukunyar ta yi zafi, sai ƙarafan su sa gubar ta ƙarasa ƙonewa kafin ta fita. Wani Bafaranshe mai suna Eugène Houdry, wanda ya koma Amurka da zama, shi ya fara ƙirƙiro ta cikin shekarun 1950. Amurka ta fara sa ta a motoci a 1975, ƙasashen Turai kuwa ta zama tilas ga sababbin motocin fetur a 1993. Makanikanmu na Nijeriya suna ce wa cikinta Indomie, don ya yi musu kama da taliyar nan.

Tukunyar tana da sharaɗi biyu. Na fari, ba ta shiri da dalma, shi ya sa aka daina zuba dalma a fetur: Faransa ta daina a 2000, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara a farkon 2006. Na biyu, ba ta aiki sosai sai mai da iska sun yi daidai wa daida. Don haka aka kori kafireto, aka kawo nozul da 'yar kwamfuta, da wani ma'auni a cikin salansa mai gaya wa kwamfutar ta ƙara mai ko ta rage. Saboda haka irin wannan mota sau biyu a ke auna ta: tana silo, sa'an nan a taka totur injin ya wuce juyi 2,000 a minti. A nan a ke duba wata lamba da a ke kira lamda. In mai da iska sun daidaita, lamda ɗaya ce cif. Doka ta yarda daga 0.97 zuwa 1.03, ban da haka mota ta faɗi.

Motar mai masaukina

Da layi ya zo kanmu sai aka kawo wata na'ura dabam, gama injin gas ba ya fitar da kabon monoksaid da yawa, nasa laifin kunkunniya ce. Wannan na'ura aikinta ya fi sauƙin ganewa: fitila a gefe ɗaya, idon lantarki a ɗaya gefen, hayaƙi yana bi ta tsakaninsu. Gwargwadon duhun hayaƙin, gwargwadon hasken da zai tare. Mai dubawa ya tabbata injin ya yi zafi, ya taka totur har ƙasa farat ɗaya, injin ya yi ruri, ya saki, ya sake, sau da dama a jere. Na dubi dattijon nan na ga ya runtse ido, sai ka ce ɗansa a ke yi wa allura.

A nan ma kowace da mudunta. Motar gas da ta girmi 1980 ba a sa mata na'ura. Tsofaffi marasa tabo iyakarsu 2.5 a ma'aunin duhu, masu tabo 3. Daga Yuli 2008 aka mai da shi 1.5, sababbi na baya-bayan nan kuwa 0.7. Motar mai masaukina ta tsaya ƙasa da iyakarta, aka manna mata takarda a gilashi. Ya ce, "Alhamdu lillahi, tsohuwa ta fita kunya."

Sabuwar mota mai ba da shaida a kan kanta

Sabuwar mota kuwa, ban da bututun salansa, akwai wata hanya. Mai dubawa yakan sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya soka waya cikin wani soket mai rami 16. Kwamfutar motar tana lura da injin dare da rana, in ta ga tukunyar salansa ta mutu, ko fulogi yana fashin wuta, sai ta rubuta laifin ta ajiye, ta kunna wata 'yar fitila mai siffar injin a gaban direba. Wayar nan ita ke karanto abin da ta rubuta. Amurka ta tilasta wannan tsari daga 1996, Turai kuwa daga 2001 ga motocin fetur, daga 2004 ga na gas. A waɗansu jihohin Amurka har aka raba aikin biyu: motar da ta girmi 1996 a ɗora ta a kan gangunan ƙarfe masu juyawa, a tuƙa ta tana tsaye a auna hayaƙinta, wadda ta biyo baya kuwa a tambayi kwamfutarta kawai.

Amfanin wannan a fili ya ke. Bututu yana ganin minti biyu ne na rayuwar mota, kwamfuta kuwa tana ganin kowace tafiya. Amma fa ku lura, an mai da wanda a ke tuhuma ya zama mai shaida. In mai shaida ya koyi ƙarya fa?

Haka kuwa aka yi. Kafin a yarda a sayar da sabon samfurin mota, akan gwada shi a ɗakin awo a kan gangunan nan, a tara hayaƙinsa cikin jakunkuna a auna. Tafiyar gwajin iri ɗaya ce kullum, kowane kamfani ya haddace ta. A 2014 waɗansu masana na Jami'ar West Virginia a Amurka suka ba da sakamakon wani gwaji da suka yi, inda suka ɗora na'urar awo a but ɗin motoci suka hau titi da su. Suka ga abin da ke fita ya sha bamban da na ɗakin awo. A Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya koya wa kwamfutar motocinsa na gas su gane in ana gwada su, su yi ladabi, in sun hau titi kuma su saki oksaid na naitirojin har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kamar miliyan 11 ne a duniya abin ya shafa. Daga Satumba 2017 Turai ta sake tsarin gwajin, ta kuma tilasta a riƙa fita da sabon samfuri kan titi na gaske da na'ura a bayansa.

Akwai kuma wata matsala. Sababbin motocin gas suna da rariya a salansa mai tare kunkunniya. In rariyar ta tsage, ko wani ya cire ta, ƙurar da ke fita ta yi laushi ainun, har fitilar nan mai auna duhu ba ta cika ganinta ba. Saboda haka aka fito da na'ura mai ƙidaya ƙwayoyin ƙurar ɗaya-ɗaya. Beljiyam ta fara aiki da ita a Yuli 2022, Holan da Jamus da Suwizalan suka biyo a 2023. A Beljiyam da Holan an sa iyaka ƙwaya miliyan ɗaya cikin hayaƙin da bai fi cikin ɗan ƙaramin kwaroron ɗinki ba, watau santimita ɗaya ta kowane gefe. Kun ji irin ƙanƙantar abin da mu ke shaƙa.

Takardar da ba ta duba salansa

To, mu koma ga dattijonmu. Muna komowa gida sai ya nuna mini wata takarda zagayayya a gilashin motarsa, mai lamba 4. Sunanta Crit'Air, an fito da ita a 2016, Faris ta tilasta ta a Janairu 2017. Ita ba ruwanta da abin da ke fita daga salansarka, shekarun mota da irin man da ta ke sha kaɗai ta ke dubawa. A 2019 kotun Tarayyar Turai ta sami Faransa da laifin barin iskar biranenta ta ɓaci, har da Faris da Liyon. Hukumar Liyon ta hana masu lamba 5 yawo cikin gari daga Satumba 2022, masu lamba 4 daga Janairu 2024, masu lamba 3 daga Janairu 2025. Watau motar da ta ci jarrabawa da safe, saura mata 'yan makonni a hana ta titin ƙofar gidan mai ita.

Kowane ɓangare yana da hujja. Hukuma ta ce cin jarrabawar 2004 ba tsabta ba ce a yau, kuma yaran da ke zaune a bakin manyan tituna su ke biyan bashin da huhunsu. Masu ƙaramin ƙarfi suka ce wanda ya iya sayen sabuwar mota ai ba ya tuƙa tsohuwa don marmari. Gardamar ta yi zafi har a Mayu 2025 'yan majalisar wakilan Faransa suka jefa ƙuri'ar neman a soke irin wannan hani. Amma dattijon bai jira wannan ba. Na tambaye shi abin da zai yi da motar. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai hanya a buɗe ta ke. Jirgin ruwa, Kwatano, Maraɗi."

Inda abin ya shafe mu

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. A 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Ba dukansu ne miyagu ba, da yawa suna isowa da tukunyarsu lafiya lau. Amma sau da yawa akan fasa tukunyar a kwashe cikinta a sayar saboda ƙarfen nan mai tsada, wani a tashar jirgin ruwa, wani a gareji, wani lokaci ma da yardar mai mota, don an ce masa za ta ƙara gudu. Fitilar gargaɗi in ta kama, sai a cire ƙwan ko a liƙe ta da baƙin salatif. Motar 2010 ta koma tana hayaƙin 1980. Ga kuma mai mai yawan farar wuta, wanda ke lalata tukunya da rariya. Don haka ne a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a rage farar wuta a mai zuwa kashi 50 cikin miliyan, a kuma sa iyaka ga irin motocin da za a shigo da su.

Akwai wani binciken da ya kamata ya ƙarfafa mana gwiwa. A ƙarshen shekarun 1980 wani masani a Jami'ar Denver ta Amurka, Donald Stedman, ya kafa fitilar hasken ɗumi a gefen titi, yana auna motoci suna wucewa. Ya gano cewa mota kamar ɗaya cikin goma ita ke fitar da wajen rabin kabon monoksaid ɗin duka. Ashe ba sai an kori dukan tsofaffin motoci ba kafin a ji sauƙi, a nemo marasa lafiyar a gyara su.

Saboda haka, direbobi da masu mota, ga abin da ke hannunku tun kafin na'ura ta iso garinku. Baƙin hayaƙi alamar mai ya yi yawa ne, a duba matatar iska da nozul ko kafireto, gama kuɗinka ne ke fita ta salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, a duba ringi. In za ka sayi mota ta hannu, ka sa makanikin da ka amince da shi ya duba ko cikin tukunyar yana nan, ka kuma murɗa makulli ka ga fitilar injin ta kama sa'an nan ta mutu bayan an tayar. Kada ka bar injin yana aiki cikin rufaffen gareji ko zaure, ko da ba ka ga hayaƙi ba. Ku kuma makanikai, in mai mota ya ce a fasa tukunyar nan, ku gaya masa gaskiya: hancin da ya fi kusa da salansa shi ne na yaro mai tallar ruwa, da na ɗansa mai tafiya makaranta.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ke da tambaya a kan wannan ko wani fanni na kimiyya, sai ya rubuto mana kamar yadda aka saba.